Amsar Tambaya: Kwalekwalen Iska Na Haɗin Gida

Wani mai karatu daga Titirou a Parakou yana tambaya ko zai iya haɗa kwalekwalen hurawa da tamfol, ya liƙe bakinsa da dutsen guga, don kamun kifi a kogin Okpara.

Malam, Allah ya ba da sa'a, amma ka ajiye tamfol ɗin shanya hatsi. Saƙaƙƙiyar leda ce, zafi kan ƙanƙance ta, iska kuma tana tsiyaya ta tsakanin zarenta. Abin da ake so shi ne yadin nailan mai shafen roba ta TPU. Wajen digiri 200 shafen ke narkewa, fuska biyu su zama ɗaya, muddin ka danne su da ƙarfi har su huce. Za ka ce ai masu faci da wuta suke gyaran tyub, kuma yana riƙewa. Gaskiya ne, sai dai robar tyub dafuwa take yi, kuma tayar da ta sace a hanyar Djougou tsayar da mai babur kawai take yi. Amma haɗin kwalekwale da ya buɗe a tsakiyar Okpara da damina rai yake ci. Don haka ka hura kwalekwalen ya kwana, ka shafa ruwan sabulu a kowane layin haɗi ka nemi kumfa, sannan ka fara gwaji a ruwan da bai wuce ƙugu ba, sanye da rigar ceto.