Dokta Charles West: Likitan da Ya Koyi Harshen Jarirai

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun saba ɗauka cewa sai an furta kalma sannan saƙo yake isa. To amma akwai wasu bayin Allah da ba su mallaki kalma ko ɗaya ba, alhali kullum suna cikin isar da saƙo, wato jarirai. A wannan maƙala zan kawo taƙaitaccen tarihin Dokta Charles West, wani likitan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, wanda ya ƙware a kan haihuwa da cututtukan yara, sannan in nuna yadda ya ɗauki duba yaro tamkar koyon wani sabon harshe.

Tasowarsa da Karatunsa

An haifi West a birnin Landan ranar 8 ga Agusta, 1816. A shekarar 1833 ya fara koyon aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke birnin. Da yake gidansu mabiya ɗariƙar Baptis ne, kuma a lokacin jami'ar Oxford ba ta karɓar wanda ba ya bin Cocin Ingila, sai ya tsallaka Turai. Ya yi karatu a Bonn da Faris da kuma Berlin, inda ya sami digirinsa a 1837. Bayan nan ya je asibitin haihuwa na Rotunda da ke Dublin, ya ƙara gogewa a kan karɓar haihuwa.

Halin da Yaran Landan Suke Ciki

A 1842 aka naɗa shi likita a wani wurin shan magani na yara da ke titin Waterloo a Landan. Wurin ba shi da gadon kwanciya. Uwa takan kawo ɗanta a duba shi, a ba ta magani, ta koma da shi cikin ƙuntataccen ɗakin da ya kwaso cutar. Ƙyanda da tarin shiƙa da gudawa da tarin fuka suna ta kashe yara, manyan asibitoci kuwa ba sa son kwantar da su, saboda tsoron yaɗuwar cuta da kuma ganin cewa bai kamata a raba yaro da uwarsa ba. Wata ƙidaya da aka yi a 1843 ta nuna cewa cikin majinyata sama da 2,300 da ke kwance a asibitocin Landan, 26 kacal ne ba su kai shekara goma ba. Alhali birnin Faris yana da asibitin yara tun 1802. West ya nemi a sa gadaje a wurin aikinsa, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba.

Duba Yaro Kamar Koyon Harshe

A nan nake son mai karatu ya natsu. A 1848 West ya buga laccocinsa a littafi mai suna Lectures on the Diseases of Infancy and Childhood, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama. A laccar farko ya kwatanta sabon likita a gaban yaro da baƙon da ya sauka ƙasar da ba ya jin yarenta. Babba zai ce maka ga inda ke masa ciwo. Jariri kuwa ba zai faɗa ba, mai ɗan wayo ma tsoro kan hana shi faɗar daidai. Saboda haka dole likita ya koyi karanta alamu, kamar yadda Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Wannan harshe yana da nasa ƙa'idoji. West ya koyar cewa kada a faɗa wa yaro da gaggawa har ya firgita, domin da zarar ya fashe da kuka, numfashinsa da bugun jijiyarsa sun sauya. Idan an tarar yana barci, a ƙirga numfashinsa kafin ya farka. A saurari uwa ko mai reno, domin su suka san yadda yake lokacin da yake lafiya. Duba baki da dasashi kuwa a bar shi sai ƙarshe, tunda shi ya fi sa yaro kuka.

Shi kansa kukan iri-iri ne. A ɗan littafin da ya rubuta wa masu jinya a 1854, How to Nurse Sick Children, ya bambanta su: mai ciwon ciki yakan yi dogon kuka mai ƙarfi yana naɗe ƙafafu, mai ciwon ƙirji yakan yi gajeren kuka a danne, mai ciwon kai kuwa yakan tsala ƙara mai kaifi.

Kafa Asibitin Yara

Da taimakon abokinsa Dokta Henry Bence Jones aka kafa kwamitin neman gudummawa. Ranar 14 ga Fabrairu, 1852, aka buɗe asibitin yara a gida mai lamba 49, titin Great Ormond, da gadaje 10. Manufofinsa uku ne: jinyar 'ya'yan talakawa, da zurfafa ilimin cututtukan yara, da horar da masu jinya. Marubucin nan Charles Dickens ya tallafa da alƙalaminsa, kuma a 1858 ya karanta labarinsa A Christmas Carol a bainar jama'a don tara wa asibitin kuɗi. Duk wannan bai sa West ya bar fannin mata ba. Ya koyar da ilimin haihuwa a St Bartholomew, ya kuma buga littafi kan cututtukan mata a 1856.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. West mutum ne mai wuyar sha'ani, ya yi ta samun saɓani da kwamitin asibitin har ya bar shi a 1877. Haka kuma a 1878 ya yi rubutu yana adawa da shigar mata aikin likita, ra'ayin da zamani ya riga ya ƙaryata. Daga baya yakan je birnin Nice na Faransa ya yi lokacin sanyi saboda lafiyarsa. Ya rasu a Faris ranar 19 ga Maris, 1898, yana da shekara 81. Asibitin da ya kafa yana nan har yau, kuma yana cikin fitattun asibitocin yara na duniya.

Kammalawa

A ganina darasin da ke nan ya shafe mu kai tsaye. Hausa tana da kalmomi kamar nishi da shessheƙa da ƙara da ihu, kuma kowacce da abin da take nunawa. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara su zauna da iyaye mata da unguwarzoma, su tattara kalmomin da suke siffanta kukan jariri da su, tare da ma'anar kowacce. Irin wannan jeri zai amfani ma'aikacin lafiyar da ba Bahaushe ba, ranar da uwa ta tsaya gabansa tana bayanin abin da ke damun ɗanta.