Ƙwannafin da Ya Ƙi Tafiya: A Je a Duba

'Yan uwa, dattawanmu da yawa sun ɗauki ƙwannafi abokin tsufa. A jiƙa kanwa ko a sha Gaviscon, shi ke nan. Amma wani lokaci dalilinsa hawan tumbi ne zuwa ƙirji.

Akwai tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki, da 'yar ƙofa inda hanyar abinci ke ratsawa. Idan ƙofar ta saki, sai saman tumbi ya leƙa ƙirji, ruwan tsami ya riƙa tasowa maƙogwaro. An fi samun haka ga wanda ya haura shekara 50 ko mai ƙiba.

Idan ƙwannafi ya kai mako 3 kusan kullum, a ga GP. Idan abinci yana maƙalewa, ko mai shekara 55 zuwa sama yana ramewa tare da ƙwannafi, likita zai tura shi bincike cikin gaggawa.

Babban binciken shi ne gastroskofi: siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki. Ana yin sa a asibitoci irin su Manchester Royal Infirmary da Queen Elizabeth na Birmingham, kuma yawanci ba ya wuce minti 15. Za a daina cin abinci awa 6 kafin nan. A kan fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, ko a yi allurar kwantar da jiki. Wanda aka yi wa allura sai da ɗan rakiya. Mai shan maganin suga ko na tsinka jini ya faɗa tun da wuri. Wasu kuma ana ba su farin ruwa mai kauri su sha, a ɗauki hoton ƙirji.

Me ake nema? Gyambo, ƙuntatar hanyar abinci, zubar jini a ɓoye mai kawo ƙarancin jini da kasala, da sauyin fatar hanyar abinci da ake kira Barrett, wanda a wasu 'yan kaɗan yakan zama daji.

Ciwon ƙirji mai tsanani, aman jini, ko yunƙurin amai ba abin da ke fita: a kira 999 nan take. Kada a ce ƙwannafi ne, yana iya zama zuciya ko murɗewar tumbi.

NHS tana ba da tafinta kyauta, sai a nema. Matasa, ku raka iyayenku. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.