Darasin Noma: Magarya Mai Aure

Manoman Kankiya da Kusada, kowa ya san magarya. Tana fitowa da kanta a gefen gona da bakin hanya. Da yawanmu sare ta muke yi lokacin sharar gona, mu yi shinge da ƙayarta. To bana kafin ka ɗaga gatari, karanta wannan darasi.

Magarya ba ta tsoron fari. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa take rayuwa a jigawa inda mangwaro zai bushe. Aibinta ɗaya ne: 'ya'yanta ƙanana, ƙwallo ya fi tsoka yawa.

Maganin wannan shi ne aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Akwai magaryar Indiya da ake kira Gola. 'Ya'yanta sun kusa girman ƙwan zabuwa, ga zaƙi ga ruwa. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa ta a Nijar. Can ana ce mata tuffar Sahel. Tambayi malamin gona inda za ka sami reshenta.

Da bazara, zaɓi lafiyayyar magarya a gonarka. Sare ta, ka bar kututture. Jira toho ya fito ya kai kaurin fensir. Yanke kan tohon, ka tsaga shi kaɗan. Fere gindin ɗanyen reshen Gola gefe biyu da wuƙa mai kaifi, ka soka shi cikin tsagar. Ɗaure da leda tamau, kada ruwa ko iska su shiga. Idan auren ya kama, za ka ga sabon ganye bayan mako biyu ko uku.

A nan ne mutane suke yin sakaci. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, na tsohuwar magarya ne. Cire shi da ka gan shi. In ka bar shi, zai shanye abincin baƙon reshe, wahalarka ta tashi a banza. Awaki kuma suna son ganyen ƙwarai, sai ka kewaye ta da ƙayar da ka sara.

Cikin shekara ɗaya ko biyu za ta fara 'ya'ya. Suna nuna da hunturu, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Waɗanda suka faɗo da tsutsa, tattara ka binne su. Bayan ka gama tsinka, rage mata rassa kafin damina, domin a kan sabon reshe take yin fure.