Yadda Ake Amfani da Rajistar Asibiti Wajen Gano Maganin Asmar Yara Mafi Riba

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, iyayen yara masu ciwon fuka, wato asma, sai su shiga zarya a asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum. Kuɗin lafiya kaɗan ne, don haka dole a san inda za a sa naira ta yi aiki. Amsar kuwa tana ɗakin kati.

Yankin nan ya taɓa ganin amfanin bin bayanan asibiti. Bayan gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta koma kan bayanan aikinta na yau da kullum, ta tantance zagayen maganin gubar 3,180 da aka ba yara, aka wallafa sakamakon a 2014. Ga yadda za a yi wa asma irin wannan aiki.

Da farko, a nemi izinin Ma'aikatar Lafiya da ke Gusau, a cire sunayen yara, a ba kowa lamba.

Na biyu, a tsamo masu asma daga rajistar masu zuwa ganin likita da ta kwanciya. Jimillar wata-wata da ake turawa ta manhajar DHIS2 ba za ta wadatar ba, sai an buɗe kati ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa akan rubuta tari ko namoniya ga yaron da ƙirjinsa ke fito yana ja da baya.

Na uku, a raba su gida biyu: waɗanda ake ba salbutamol kaɗai idan ciwon ya tashi, da waɗanda aka haɗa musu da abin shaƙa na rigakafi, irin beclometasone, da suke shaƙa kullum.

Na huɗu, a yi lissafin kuɗi: magani, gado, iskar oksijin, man janareta. A ƙara da abin da rajista ba ta rubutawa, ta hanyar tambayar iyaye: kuɗin acaɓa daga ƙauye, abincin mai jinya, da ranar da uba ya bar gona.

Na biyar, a ƙirga sau nawa ciwon ya dawo da kowane yaro, da kwana nawa ya yi a gado. Sai a ɗauki ƙarin kuɗin da rigakafin ya ci, a raba shi da yawan kwanciyar da ya hana. Abin da ya fito shi ne farashin hana kwanciya ɗaya, wanda za a gwada da kuɗin kwanciyar kanta.

Sai dai a kiyaye abu uku. A gwada hunturu da hunturu, kada a gwada shi da damina. A tuna cewa mai tsananin ciwo aka fi rubuta wa rigakafi, don haka a kwatanta yara masu ciwo iri ɗaya. Sannan yaron da bai dawo ba, kada a ɗauka ya warke. Mai yiwuwa rashin tsaro ne ya tare hanya, ko aljihu ya gaza. A bi sahunsa ta waya ko ta hannun mai unguwa.

Duk wannan ya dogara ne ga biron malamin asibiti. Don Allah, a rubuta shekarun yaro, garinsu, ainihin ciwonsa da maganin da aka ba shi, a kuma adana katin daga gara da yoyon ruwa.