Yadda Ake Saita Madubin Gefen Mota da Aiki da Shi

Madubin hannun dama na yawancin motoci yana da ɗan doro. Doron ne ke sa ya kwaso fili mai faɗi, amma yana ƙanƙantar da abin da ya nuna, sai ido ya ɗauka abin yana nesa. Shi ya sa motocin da ake shigowa da su daga Amurka ke ɗauke da gargaɗi a jikin gilashin, cewa abin da ka hango ya fi haka kusa. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wannan madubi ne ke kallon bakin titi, inda 'yan kabu-kabu da amalanken shanu ke bi.

1. Fara gyara kujera, mota tana tsaye. Saita madubin ciki ya kama gilashin baya gaba ɗaya.

2. Jingina kanka da gilashin ƙofarka, ka tura madubin hagu waje har jikin motar ya rage ɗan siriri a gefensa. Karkato kai tsakiyar mota, ka yi wa na dama haka.

3. Sa yaron mota ya tsaya a baya ta dama, kamar taku goma. Dube shi a madubin ciki, sannan a na dama, za ka ga yadda ya tsuke. Ce masa ya tako a hankali ta gefen motar, ka lura da inda ya ɓace maka. Nan babur ke ɓuya.

4. A mahaɗar Kalgo, inda hanyar Bunza ta rabu da ta Birnin Kebbi zuwa Jega, kafin ka karya kwana duba madubin ciki, duba na gefe, ba da sigina, sannan ka waiwaya da wuyanka.

5. In ka wuce tirela, kada ka koma hannunka don madubin dama ya nuna ta 'yar ƙarama. Jira sai fitilunta biyu sun fito a madubin ciki, domin shi ne ba ya rage girman abu.

6. Lokacin hunturu, musamman a hanyoyin ƙauyukan Gwandu, goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, busasshe yana karce gilashi. In madubin dama ya fashe, nemi mai doro irin nasa. Madubin ɗaki da mai gilashi zai yanka maka yana da arha, amma zai rage maka filin da kake gani.