Yadda ake sa ido kan tsofaffin wayoyin lantarki da na'urori

Wutar da ke haska unguwannin Zango da Birni na Damagaram ta yi doguwar tafiya. Wani kaso nata daga Katsina yake fitowa, a kan babban layi mai ƙarfin kilobolt 132 da ya biyo ta Gazawa ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Layi irin wannan ba ya mutuwa rana ɗaya. Rana da iska da ƙura ne ke cin sa a hankali, kuma ana iya jin ciwonsa tun kafin ya faɗi.

Aikin yana farawa da ƙafa. Ma'aikata su bi layin turke bayan turke, su rubuta shekarun kowane da halin da yake ciki, domin ba ko'ina za a sa na'ura ba. Kuɗin ba za su kai ba. Ana zaɓen inda haɗari ya fi yawa: inda waya ta tsallaka hanyar mota, inda aka taɓa yin haɗi, da turakun da ke bakin korama.

Sai a ɗaura na'urar a jikin wayar kanta. Ba ta fi ƙwarya girma ba, kuma wasu irinta ba sa neman batir, daga wutar da ke wucewa suke ci. Abin da take aunawa na farko shi ne zafi. A watan Afrilu, rana ta take, kowane gida ya kunna fanka, wayar alminiyom takan yi zafi ta miƙe ta saki ciki, har ta kusanci itatuwa. Tana kuma auna karkarwa, don iska mai kaɗawa a kai a kai tana tsinka siraran zaren wayar a daidai inda aka maƙale ta, wurin da ido ba ya gani daga ƙasa.

Tangaran ɗin da ke riƙe wayar su ma da tasu na'urar. Ƙurar hunturu takan kwanta a kansu, in laima ta sauka sai wuta ta fara yoyo ta bi jikinsu. A gindin turke kuwa akan sa mai auna karkata, saboda ruwan damina na zaizaye ƙasa.

Bayanan duk suna tafiya ta layin salula zuwa kwamfutar ofis. Nan ne hankalin mutum ke shiga, kuma a ganina nan ne aikin yake. Injiniya ya kwatanta na bana da na bara, ya ware abin da ke neman gyara a makon nan da wanda zai iya jira. Haɗin da ya fi sauran zafi, a tura masu kyamarar gano zafi su tabbatar.

Manyan gyare-gyare a ajiye su sai Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ya rage buƙatar wuta. Kamfanin wuta irin NIGELEC kan sanar da unguwanni ranar da za a ɗauke wuta, masu injin niƙa da masu ƙanƙara su shirya, ma'aikata su hau su canja tangaran, su ɗaure haɗin da ya saki kafin guguwar farkon damina.