Wa ke da makarantar firamare?

Mutanen 'Yandoto ba baƙin karatu ba ne. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo garin ya yi suna da malamai, ɗalibai na zuwa daga nesa neman ilimi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin malaman 'Yandoto a littafinsa Infaƙul Maisuri. Kowane magidanci a ƙasar Tsafe ya san yadda ake riƙe makarantar allo. Ana kai kuɗin Laraba, da kaka a kai wa malam dami, in rumfa ta faɗi a taru a tayar da ita, ba mai jiran takarda daga Gusau. Amma da zance ya juya kan makarantar boko, sai mutum ya ɗaga kafaɗa ya ce ta gwamnati ce, ba ruwansa. Wannan ba ruwana ita ce cutar da darasin nan ya zo a kanta.

Tsarin kansa ba shi da wuyar ganewa. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. Hukumar UBEC da ke Abuja tana karɓar kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ba ta kuma sakin kuɗin gine-gine sai jiha ta ajiye nata daidai da shi. A Gusau akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. A ƙarƙashinta kowace daga ƙananan hukumomi 14 na Zamfara tana da ofishin ilimi da sakataren ilimi, Tsafe da nata, Bunguɗu da nata, Gusau da nata. Sai hedimasta. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake fitar da shi, wato kuɗin jama'a ne, ba kyautar wani ba.

Abin da ake mantawa shi ne an ware wa mutanen gari kujera a cikin wannan tsari. Ban da ƙungiyar iyaye da malamai, kowace makaranta ya kamata ta sami kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A ciki akwai hedimasta, mai unguwa ko wakilinsa, liman, wakiliyar mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, har da yara daga cikin ɗaliban. Aikinsu su san malami nawa aka turo, nawa ke zuwa, wane yaro ya daina zuwa aji, me ya lalace, kuɗin gyara da ya shigo ina aka sa shi. In an kira taro, a je. Kada a ce ba ruwana.

A misalta wani gida da damina. Iska ta yaye kwanon aji biyu, Auta ya dawo da takarda a aljihu duk ta jiƙe. Maigida ya taso daga gona, ya zauna kan benci yana jiran tuwo. Uwargida, wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ta shanya takardar a bakin murhu ta karanta.

"Malam, gobe bayan la'asar akwai taro makaranta."

"Taron mi? Kuɗi za su tambaya."

"Babu zancen kuɗi ciki, ni na karanta da kaina. Kwanon nan ne da iska ta kwashe."

"To ni na buga kwanon? Su rubuta ma gwamna."

Inna na ɗaki tana kaɗi, ashe duk tana ji. Ta ɗaga labule ta ce, "Kai dai ba ka jin kunya. Da akuyarka ta ɓace har gidan hakimi ka tahi, kwana biyu ba ka ci tuwo ba. Yau ɗanka ke karatu ruwa na zuba mishi bisa kai, ka ce a rubuta ma gwamna."

"Inna, ai wannan daban."

Uwargida ta duƙa kamar za ta ajiye kwanon miya, ta tsura wa bencin ido. "Malam, ɗan tashi. Wannan rubutun da ke jikin bencin nan, ai sunan hukumar ilimi ne."

"Aro ne. Wurin maƙwabci na karɓo ranar suna."

"Sunan wa? Yarinyar har ta fara tafiya."

Auta ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce su huɗu suke zama a ƙasa a ajinsu. Maigida ya nemi takalminsa zai jefe shi, Inna ta ce kul. Washegari ya tafi taron yana gunaguni, yaro na biye da shi da benci a ka.

Irin maƙwabcin nan ba ɗaya ba ne, kuma su ne ke ba da haushi. Wani ya shanya masara a aji lokacin hutu, a koma makaranta bai kwashe ba. Wani ya ɗaure awaki a baranda. Wani kowace damina sai ya ƙara kunya biyu cikin filin wasan yara, kowa na gani, kowa ya yi shiru don gudun ɓacin rai. Su ne kuma za su zauna a majalisa da dare suna cewa makarantar gwamnati ta mutu. Wanda ya ga ana cire taga ya wuce ya ce ba ruwansa, da shi aka cire ta.

Gaskiya ne rashin tsaro ya yi wa karatu illa a jihar nan. Bayan sace ɗalibai mata a Jangeɓe a watan Fabrairu na 2021 an rufe makarantun kwana, daga baya a shekarar aka rufe sauran na wani lokaci. A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Amma ɗan bindiga ba shi ke hana magidanci taka sawu zuwa taron da ake yi a bayan gidansa ba. A wasu jihohin Amurka gunduma ce ke riƙe da makarantu, a wurare da yawa jama'a ke zaɓen 'yan hukumar, iyaye kuma su cika zaure su yi ta tambaya kan kowace dala. A nan ba a zaɓen sakataren ilimi, naɗa shi ake yi, shi ya sa kujerar kwamitin makaranta ta ƙara daraja. Barin ta babu kowa asara ce.

Dokar 2004 ta tanadi hukunci ta ɓangare biyu. Uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta a hannun yaro, tara har naira 10,000 ko wata uku. Mai ƙorafi ya fara da hedimasta da kwamiti. In ba a ji ba, a rubuta takarda, mutane su sa hannu, mai unguwa ya sani, a kai ofishin sakataren ilimi a Tsafe, a riƙe kwafi ɗaya a gida. In nan ma shiru, sai Gusau. Wanda ya iya karanta wannan ya iya rubuta sunansa, don haka a wannan makon ya je ya tambayi hedimasta su wane ne 'yan kwamitin makarantar unguwarsu, da ranar da za su zauna.